Ranar da Akshay Kumar ya sha shayin kashin giwa

Wajen ƙarfe 11 na dare wayata ta kama tsuwa ba ƙaƙƙautawa, har na zaci wani abu ne ya faru a dangi. Ina dubawa sai na ga ashe zaurenmu ne na WhatsApp, na masoya Akshay Kumar, jarumin finafinan Indiya, ya farka daga dogon barci. A shekarar 2020 ake, korona ta rufe gidajen sinima, zauren ya yi tsit wata da watanni, sai dai jefi-jefi wani ya turo tsohon hoto a yi masa shiru. Daren nan kuwa saƙo kan saƙo. Wani ne ya turo ɗan guntun bidiyo: ga mutuminmu a tsakiyar daji, ga Bear Grylls a gefensa, ga igiya, ga kogi. Na kalla sau biyar kafin na iya rubuta komai, abin da na rubuta ɗin ma "Kai! Kai! Kai!" ne kawai.

Wanda bai san Bear Grylls ba, shi ne Baturen Ingilan nan da ake jefawa daga jirgi cikin hamada ko dusar ƙanƙara, ya ci tsutsa, ya kwana a cikin mushen raƙumi. Tsohon soja ne, ya karya ƙashin bayansa a wuri uku a 1996 da laimar saukarsa ta ƙi buɗewa yadda ya kamata, amma bayan shekara biyu kacal ya hau ƙololuwar dutsen Everest yana ɗan shekara 23. Shirinsa na Man vs. Wild da aka fara a 2006 shi ya fito da shi duniya. Daga baya ya gane cewa mutane sun saba ganin wahalarsa, sai ya fara jan manyan mutane suna shan wahalar tare da shi. Ya je Alaska da Barack Obama a 2015, inda suka ci ragowar kifin da wata dabbar daji ta fara ci ta bari. Ya shiga gandun dajin Jim Corbett da Firayim Ministan Indiya Narendra Modi a 2019. Sai Rajinikanth, babban jarumin finafinan kudancin Indiya, a watan Maris na 2020. Yanzu ga namu.

Maganar Rajinikanth ɗin nan ita ta fi ɗaga mana hankali a zauren, don akwai 'yar tsama tsakaninmu da masoyansa. Daji ɗaya aka kai su, Bandipur a jihar Karnataka da ke kudancin Indiya, kuma a cikin mako guda na watan Janairu aka ɗauki su biyun. Masoyan Rajini kuwa ba a gasa da su, mutanen da suke yi wa ƙaton hotonsa wanka da madara ranar da fim ɗinsa zai fito. Suna ta cika baki wai dattijonsu ya shiga daji yana da shekara 69. Mu kuma muka ce to, a bar dattijo ya huta, ga wanda ya san kan abin ya zo. Akshay ai ba ya bari a yi masa tsalle a fim, shi yake yin abinsa. Ya koyi dambe a Bangkok. Shekaru ya yi yana gabatar da shirin Khatron Ke Khiladi, inda shi ne yake sa wasu su yi abin tsoro. Wani a zauren ya rantse cewa Bear Grylls ne zai koyi darasi. Wani ya ce shi dai yana jiran inda za a yi arba da damisa, irin mai ratsi-ratsin nan, tunda Bandipur gidansu ne, tun 1973 aka keɓe dajin don kare su. Muka yi ta dariya, amma in faɗi gaskiya, can ƙasan zuciyata ni ma ina jiran wani abu mai kama da haka.

Ranar 9 ga Satumba Akshay ya cika shekara 53, shirin kuma zai fito ranar 11. Muka mayar da makon gaba ɗaya biki. Na canza hoton wayata. Na dami kowa a gida da lissafin kwanaki, har Yayana ya ce in na sake ambatar sunan Akshay a gabansa sai ya ƙwace wayar.

Sai ana gobe shirin zai fito, mutuminmu ya kwance mana zani a kasuwa.

Ya yi hira kai tsaye da Bear Grylls a Instagram, lokacin yana Scotland wajen ɗaukar wani fim, tare da jaruma Huma Qureshi. Dama tallar shirin ta riga ta nuna za a ba shi shayin da aka dafa da kashin giwa, kuma a nan muka rataya duk alfaharinmu: wa zai iya in ba shi ba? Huma ta tambaye shi yadda aka yi ya iya sha. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce abin bai dame shi ba, don kullum yana shan fitsarin saniya a matsayin magani, bisa tsarin maganin gargajiyarsu na Ayurveda.

Zauren ya yi shiru na kusan minti goma, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara zancen. Daga nan aka ɓarke. Mutum uku suka fice. Wata ta rubuta cewa shekara ashirin tana son bawan Allahn nan, ashe ba ta san wa take so ba. Wasu suka ce ƙarya ake masa, har sai da aka turo bidiyon suka ji da kunnensu. Ni kam tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Na san saniya tana da daraja ta musamman a addinin Hindu, na kuma san ba shi kaɗai yake yin haka ba a ƙasarsu, amma sani daban, ji daga bakin gwaninka daban. Abin da ya fi ba ni haushi ma ba ƙyanƙyamin ba ne. Ya lalata mana shayin. Mun shirya ganin jarumi ya danne zuciyarsa ya haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa, sai ga shi yana gaya mana cewa a wurinsa wannan kusan karin kumallo ne.

Duk da haka na kalla, mana. Kwana biyu bayan fitowarsa na same shi, na jingina wayar a jikin filo, Yaya ya zo ya zauna a hannun kujera wai wucewa zai yi.

"Yaya, in za ka kalla ka zauna sosai."

"Wa ya ce maka kallo nake? Ina so in ga inda ake yaudararku ne."

Bai ɓata lokaci ba kuwa. Tun a minti na farko ya nuna allon da yatsa ya ce, wanda yake ɗaukar wannan hoton fa? Su biyu suna tafe suna haki, shi yana gabansu yana tafiya da baya, ɗauke da kyamara a kafaɗa, amma ba wanda ya canza hoton wayarsa saboda shi. Na ce ya bar ni in ji abin da ake faɗa. Bai bari ba. Ya tuna mini abin da ya faru a 2007, lokacin da aka bankaɗo cewa Bear Grylls ya kwana a otal a wasu dararen da aka nuna kamar a daji ya kwana, har ya kai ga an riƙa sa sanarwa a farkon shirin cewa ana ba shi taimako kuma ana shirya wasu abubuwan. Ya ce na Obama, jami'an tsaro ne zagaye da su ta ko'ina. Na Modi kuwa, Modi yana Hindi, Bear yana Turanci, suna ta gyaɗa wa juna kai, sai daga baya Modi da kansa ya bayyana cewa akwai 'yar na'ura a kunnen Bear da ake fassara masa nan take. Ya ƙara da cewa Bandipur ɗin ma babban titi ne ya ratsa ta cikinsa, kuma sai da izinin hukumar gandun daji ake shiga da kyamara.

Duk gaskiya ya faɗa, abin da ya sa ya fi ciwo ke nan. Ni ma na san ba wanda zai ɗauki mutumin da ake zuba maƙudan kuɗi a finafinansa ya miƙa wa kada. Akwai igiyar kariya, akwai masu jiran ko-ta-kwana a bayan kyamara, an kuma riga an bi hanyar an duba kafin su biyo.

Amma da aka zo wajen tsanin igiya, Yaya ya yi shiru da kansa. Wanda bai taɓa hawa irin tsanin nan ba zai ɗauka wasa ne. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka taka, ƙafarka ta tura shi gaba, jikinka ya koma baya, nauyinka duka ya dawo kan damatsa. Igiyar kariya za ta hana ka faɗuwa, amma ba za ta hau maka ba. Ga mutum mai shekara 52 a lokacin, yana lilo tsakanin sama da ƙasa, ba kiɗa mai tada tsumi irin na fim, ba a yanka hoton an nuno shi ya riga ya kai. Kana ganin hannu yana neman inda zai kama. A fim na sha ganinsa ya faɗo daga bene ya miƙe yana gyara kwalar riga, ban taɓa jin tsoro ba, don na san sai ya kai ƙarshen labari. A nan kuwa sai na tsinci kaina na riƙe numfashi. Haka ma da suka zo tsallake kogin da aka ce akwai kadoji, rataye a jikin igiya. Na ce, "Yaya, wannan ma a otal aka ɗauka?" Ya ce in yi masa shiru.

Shayin ya zo, ya sha, ya wuce. Wallahi bai kai yadda muka zuzuta shi ba. Na ma je na bi diddigin abin daga baya saboda haushi: giwa tana iya cin ganye da ciyawa wajen kilo 150 a rana, kuma cikinta ba ya narkar da ko rabinsa, shi ya sa kashinta yawanci ciyawa ce da ta bi ta ciki ta fito. A Tailan har kofi ake yi mai tsadar gaske da 'ya'yan da aka ba giwaye suka haɗiye aka tsince a kashinsu. Shi Bear ɗin ma ya taɓa matse ɗanyen kashin giwa a Kenya ya sha ruwan, ba tafasawa ba komai. To wanda aka tafasa ai sassauci ne. Kada dai wani ya ce na ce ya gwada.

Abin da ban shirya masa ba shi ne hirar da suke yi a tsakani. Ina ganin dabarar shirin ke nan gaba ɗaya, kuma na jima ban gano ta ba. Jarumi in ya zauna a ɗakin hira, da fitilu da kwalliya da mai kula da abin da zai faɗa, amsoshinsa a haddace suke. Amma a sa shi ya hau, ya sauka, gumi ya jiƙa shi, sannan a tambaye shi labarin mahaifinsa yana haki, sai ka ji wata murya dabam. Akshay ya yi maganar mahaifinsa, wanda soja ne, da yadda har yanzu yake bin tarbiyyar da ya ɗora shi a kai. Ya yi maganar zamansa a Bangkok yana aikin girki da kai wa mutane abinci a tebur. Duk na san waɗannan, na karanta su ba sau ɗaya ba: sunansa na yanka Rajiv Bhatia, a Delhi ya tashi, ya dawo Bombay yana koyar da dambe kafin wani ya ba shi shawarar ya gwada tallan kaya. Amma ban taɓa jin su daga bakin mutumin da ya gaji ba. Ya kuma ambaci Bharat Ke Veer, asusun da aka ƙaddamar a 2017 don tallafa wa iyalan jami'an tsaron Indiya da suka mutu a bakin aiki, wanda yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa shi.

Sai ya zo kan ɗansa. Ya ce yaron ba ya son a san shi ɗan wane ne, ya fi son ya yi nesa da idon jama'a ya nemi sunansa da kansa. A nan na dakatar da bidiyon. Ga ni, baƙo daga wata nahiya, na liƙa hoton mutumin nan a wayata, ina faɗa da mutanen da ban taɓa gani ba a kan darajarsa, ga kuma wanda ya haifa yana ɓoye dangantakarsu. Na ɗan ji kunya, na kuma ji yaron ya burge ni. Yaya ya kalle ni ya ce, "Ka ga mai hankali." Ban tanka ba.

A zauren kuwa ba wanda ya tsaya kan wannan. Aka koma gardamar wa ya fi tsakaninsa da Rajinikanth, aka yanko wajen tsanin ana ta turawa, biyu daga cikin ukun da suka fice suka roƙi a mayar da su. Ta ukun ba ta dawo ba har yau. Bayan nan Bear ya ɗauki Ajay Devgn da Vicky Kaushal a 2021, sai Ranveer Singh a 2022 a dazukan Sabiya, wanda Netflix ta yi shi yadda mai kallo ne yake zaɓar abin da jarumin zai yi. Na kalle su duka, ba wanda ya hana ni barci.

Kwana uku bayan mun kalli na Akshay, na fito da asuba na tarar da Yaya a falo, ya sa abin ji a kunne, ya duƙufa a kan wayarsa. Na leƙa ta bayansa. Rajinikanth ne a cikin dajin Bandipur.

"Yaya, ashe ana yaudarar manya ma?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Matsa ka ba ni haske. Dattijon nan ya fi naka iya tafiya."