Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙafar Goggo

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu gurbin karatu a makarantar koyon aikin jinya, bayan shekara biyu ina zaman jiran tsammani. Yau zan ba da labarin wani darasi da aka yi mana a zango na biyu, wanda ina zaune a aji amma hankalina ya koma tsakar gidanmu.

Malamin ya rataya hoton jikin mutum a allo, an zana jijiyoyin jini da ja da shuɗi, sannan ga waɗansu siraran zare masu launin kore sun bi ko'ina, suna da ƙulle-ƙulle a wuya da hammata da matsematsi. Ya tambaya ko akwai wanda bai taɓa yin kaluluwa ba, sai aji ya kwashe da dariya, domin babu wanda bai taɓa yin tuntuɓe ya fasa yatsa ba, bayan kwana biyu ya wayi gari da ƙullutu a matsematsi yana ɗingishi. Ya ce wannan ƙullutun da shi aka haife mu, kumbura kawai yake yi idan aiki ya yi masa yawa, kuma irinsa akwai ɗaruruwa a jikin kowa.

Bayanin da ya biyo baya har yau ina da shi a tsohon littafina. Kullum ruwa kimanin lita 20 yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin tsoka, lita 17 ya koma inda ya fito, sauran kamar lita 3 kuma waɗannan korayen magudanai ne suke kwashe shi. Ruwan, wanda ake kira limf, yana ratsa ƙullutan nan ne inda fararen ƙwayoyin jini suke tare ƙwayoyin cuta, kafin ya taru a wani babban bututu da ya haura ta bayan ƙirji ya zuba a jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Na hannun dama da ɓangaren dama na kai da ƙirji yana da nasa ɗan bututun daban. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan hanya ba ta da zuciyar da za ta harba ruwan. Motsin tsoka da numfashi ne suke tura shi, waɗansu 'yan ƙofofi masu buɗewa ta gefe guda kuma su hana shi komawa baya. Ya ambaci saifa da ɓargo, da magudanan hanji masu ɗaukar maiƙon abinci har ruwansu ya yi fari kamar madara, amma ni tuni na daina rubutu, saboda ya riga ya furta kalmar tundurmi.

Goggo, yayar mahaifinmu, tun ina ƙarama ƙafarta ta hagu take kumbure kamar turmi, fatar ta yi kauri ta ninke a idon sawu. A gida magana ɗaya ce, wai asiri ta taka a gidan mijinta na fari. An sha rubutu, an yi turare, wanzami ya yi mata tsaga ya kafa ƙaho ba sau ɗaya ba, kuma duk bayan 'yan watanni sai zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙafar ta yi zafi kamar garwashi. Ranar nan ne na ji cewa sauro ne yake ɗauko wata tsutsa siririya kamar zare daga jinin wani ya zuba wa wani, ta zauna a magudanan limf shekara 6 zuwa 8 tana lalata su, har ruwa ya rasa hanyar wucewa. Galibi tun ƙuruciya ake kamuwa, kuma ita ce take haddasa wa maza da yawa gwaiwa. Zazzaɓin kuwa ƙwayoyin cuta ne da suke shiga ta tsagewar fata, wato kowace tsagar aska ƙofa ce aka ƙara buɗe musu. Ban ga laifin wanzamin ba sosai, abin da ya gada ya yi.

Bayan an tashi na bi malamin na tambaye shi ko akwai magani. Ya ce Mectizan da albendazole da ake rabawa gida-gida sau ɗaya a shekara suna kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin jini don kada sauro ya kai wa wani, amma ba sa mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Da irin wannan rabo ne daga baya, a 2017, aka sanar da kawar da cutar a jihohin Filato da Nasarawa. Ita Goggo, abin da ya ce zai amfane ta sabulu ne da ruwa mai tsabta.

Da hutu ya zo na sayi sabulu da ƙaramin tawul da faffaɗan takalmi, na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Goggo, izini nake nema in riƙa wanke miki ƙafar nan safe da yamma." Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, abin da ya gagari malamai shi ne sabulunki zai iya?" Duk da haka ta miƙo ƙafar. Na wanke, na bi tsakanin yatsu da cikin kowane ninki na tsane ruwan, a nan na tarar da wata tsaga tana fitar da ruwa, wadda ita kanta ba ta san da ita ba. Da dare na ɗora mata ƙafar a kan matashi biyu, na ɗaura gidan sauro, tana ta mitar na mayar da ita jaririya.

Yadda muka kwashe da Baba a kan batun wanzami, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.