Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa

In dai aka tada musun mawaƙan zamanin da a majalisarmu, to kusan kowa Shata yake ja, kuma ni ban ja da su ba, Shata ai Shata ne. Amma nawa gwanin Ɗan Maraya Jos ne, kuma dalilina ɗaya: mutumin nan ya yi wa waɗanda ba mai kula su waƙa.

Sunansa na yanka Adamu Wayya, an haife shi 1946 a Bukuru kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu tun Adamu na jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai Sarkin Hausawan Bukuru ya ɗauke shi ya riƙe. Toh kun ji inda sunan ya samo asali. Abin kiɗan nasa ma na talaka ne, kuntigi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya tal. Ba 'yan amshi ba taron makaɗa a bayansa, shi kaɗai ne da ɗan gwangwaninsa, amma da shi ya zaga ƙasashe, har gwamnati ta ba shi lambar girma.

Lokacin da yawancin makaɗa ke bin sarakuna da attajirai, shi sai ya waiwayo ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota yana sa waigi yana shan zagin direba. Ya yi ta auren dole, ya yi ta gulma. Ya yi wa manya ma fa, ba wai bai yi ba, amma ba su ne mutane suka riƙe ba.

Wani kawuna ya yi yaron mota shekara da shekaru kafin ya dawo gida noma a nan wajen Ringim. Hawan jini ya kada shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ya buɗe baki zai ce a ba shi ruwa kalmar ta maƙale, ya yi ta fama har ya fusata ya juya wa mutane baya ya fuskanci bango. Abinci ma sai an lallaɓa. Ranar kasuwar Gujungu na biya wajen mai cajin waya ya tura min tsofaffin waƙoƙi a memori, da yamma na kunna a tsakar gida, ni wallahi don kaina ma na kunna ba don shi ba. Kuntigin nan na tashi sai na ga yatsun hannunsa na hagu suna buga tabarma, can kuma sai bakin ya fara bi, baiti guda cur ya fito, mutumin da ya kasa kiran sunan matarsa. Inna tana tankaɗe ta ajiye rariya ta ce "Malam, ashe bakin na nan?" Shi kuwa dariya yake hawaye na zuba.

Ba tsafi ba ne. Galibin mutane ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu ne ke riƙe da magana, shi ne kuma ke juya jikin dama, waƙa kuwa ɓarin dama ma yana da hannu a cikinta, shi ya sa wani zai kasa magana amma ya iya rerawa. Har akwai masu koya wa irin waɗannan marasa lafiya magana ta hanyar rera kalmomi. Kada wani ya ce na ce a bar magani, kawu yana shan ƙwayoyinsa kullum kuma maganar ba ta dawo duka ba. Sai dai ya daina fuskantar bango, yana cin tuwo, in an sa ta karen mota ya dinga nuna ƙirjinsa wai shi ake nufi.

Na san akwai masu cewa kiɗa bai halatta ba, wannan na bar wa malamai, ni abin da idona ya gani na faɗa.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni 2015, Allah Ya jiƙansa. Abin da ke min ciwo yanzu rabin waƙoƙin da ke yawo a waya daga tsofaffin kaset aka kwafo su, wata ta yanke a tsakiya wata sai shuuu kake ji, ga masu turawa suna rubuta sunan wani mawaƙin daban a kai.