Koyon Hiragana: Kunne Ya Huta, Hannu Ne Ya Sha Aiki

Haruffan hiragana, ɗaya daga cikin tsare-tsaren rubutun Japananci, na asali 46 ne, kuma sai da na yi mako uku kafin na iya karanta su ba tare da leƙen jadawali ba. Kowane harafi gaɓa ce sukutum: か "ka" ne, ね kuma "ne". Banda wasula biyar, ん, wato "n", ne kaɗai baƙin da ke tsaye da ƙafarsa. Wasulan irin namu ne, sai dai jerinsu a, i, u, e, o. A haddace wannan jeri tun ranar farko, domin a kansa aka gina jadawalin gaba ɗaya.

Layi guda nake ɗauka a rana. Layuka takwas suna da haruffa biyar-biyar, layin ya yana da uku, na wa biyu, sai ん. Kwana goma ke nan, sauran kwanakin duk bita ce.

Littattafan koyo sukan yi dogon gargaɗi a kan haruffan da suka "saɓa ƙa'ida". A layin sa ana cewa shi maimakon si, a layin ta ana cewa chi maimakon ti, a layin za kuma ji. Ga Bahaushe wannan tsohon zance ne: tasa, tasoshi; mota, motoci; kaza, kaji. Abin lura kawai, su せ da て suna nan yadda suke, se da te. Haka ふ, fu, da leɓɓa biyu ake hura ta kamar yadda akasarinmu ke furta "fura". Inda bakin ya yaudare ni shi ne つ, tsu. Na riƙa fasa ta da ƙarfi kamar ts ɗin "tsuntsu", alhali tasu t ce da s a haɗe, ba matse maƙogwaro.

Ƙaramar っ ma ba baƙuwa ba ce. Aikinta ninka baƙin da ke biye da ita, bambancin baba da babba. きて, kite, "zo" ne. きって, kitte, kan sarki ne na manna wa wasiƙa. Dogon wasali kuwa, wanda mu muke ji amma ba ma rubutawa a boko, su dole a rubuta shi: おばさん gwaggo ce ko inna, おばあさん kaka. Tarkon yana wajen dogon o, wanda galibi da う ake ƙarasa shi. ありがとう ba a karanta ta arigato-u, ja ake yi a kan o ɗin.

Wahalar gaske tana hannu. Kuskurena mafi girma shi ne kwafar haruffa daga fuskar waya. A rubutun ɗab'i, き da さ sukan fito da gindinsu a haɗe, amma a rubutun hannu yawanci ana ɗaga fensir a bar ƙaramin giɓi. Na kuma ɗauki tsarin jan layi a matsayin tsirfa, har sai da na ga あ ɗina ta karkace kamar bukkar da iska ta kaɗa. Ja uku ne: gajeren layi a kwance daga hagu zuwa dama, sai na tsaye ya ratsa shi daga sama, sannan zagayen. Dalili kuwa, hiragana ta samo asali ne daga rubutun Sinanci na gaggawa da buroshi a zamanin Heian na Japan, tsakanin 794 da 1185. あ daga 安 ta fito. Siffar harafin sawun tafiyar hannu ce, in ka sauya hanya siffar ta lalace. Ƙarshen kowane ja ma iri uku ne: tome, a tsaya cak, hane, a ɗan fizga kamar ƙugiya, harai, a saki hannu a hankali.

Littafin lissafi mai gida-gida ya wadatar. Nakan haɗa gida huɗu su zama ɗaya, layukan tsakiya su nuna mini inda kowane ja zai faɗa. Fensir ya fi biro. Rubuta harafi sau hamsin a jere bai amfane ni ba, domin bayan na goma hannu ke tafiya, kai ya tafi wani wuri. Abin da ya yi aiki shi ne sau biyar, a rufe, a rubuta da ka, gobe a sake.

Masu kama da juna kuma gefe da gefe nake rubuta su: ぬ da め, る da ろ, inda ƙaramin ƙulli a wutsiya ne kawai bambancin; は da ほ; sai ね, れ, わ da suka yi tarayya a hagu suka rabu a dama. Rubutun romaji, wato Japananci da haruffan boko, a ƙarƙashin kalma kuwa, a goge shi tun mako na biyu, ido ba ya barinsa muddin yana nan.

Bayan 46 ɗin, sauran ƙari ne. Ɗigo biyu a kafaɗa suna mai da ka ta koma ga, sa ta koma za, ta ta koma da, ha ta koma ba; ɗan da'ira yana mai da ha ta koma pa. Layuka biyar, haruffa 25 ke nan. は idan ta zo a matsayin mahaɗi wa ake karanta ta, shi ya sa こんにちは take konnichiwa. Sai ƙananan ゃ, ゅ, ょ, masu ba da sauti irin na "kyau". Su nake ba kusurwa ɗaya tak cikin gida huɗun nan, domin びょういん asibiti ne, in kuwa よ ta girma ta zama びよういん, shagon gyaran gashi ka rubuta.