Kada ku je kallon tsuntsaye da farar shadda

Ranar da na fara zuwa tabkin Tabalak don kallon tsuntsaye, cikin watan Afrilu ne. Na bar Tawa sai da hantsi ya dubi ludayi, na caɓa ado da farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, na iso rana na tsaka. Ba abin da na gani sai balbelu suna bin shanu, da shirwa ɗaya tana shawagi. Wani tsoho mai gyaran koma a bakin ruwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, tsuntsu ma ya san zafi. Wannan rigar taka kuwa tun daga hanya suka hango ta."

Ƙannena, lokaci na fara ɓatawa. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, agwagin ruwa da ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke caccakar taɓo, suna sauka tabkunanmu ne daga wajen Oktoba, zuwa Maris sun kama hanyar komawa. Ni na je bayan an watse kasuwa. Nuwamba na fi so, ruwa bai ja baya ba, hazo bai yi kauri ba tukuna. Da na koma a lokacin, na kwana a garin, ina sallame asuba na zauna gindin wata bagaruwa da tufafi masu launin ƙasa. Kafin rana ta ɗaga, garken kirinjijiya ya wuce bisa kaina yana fito, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, sai da ya soke kifi na san da rai.

Shamuwa kam kada ku neme ta da hunturu, tana kudancin Afirka. Ita da damina take zuwa, ta yi sheƙa har cikin gari.

'Yan Yamai ba sai kun yi nisa ba. Ku sauka bakin kogi da sassafe, wajen gonakin shinkafa, ko ku yi ciniki da mai kwalekwale. Gandun dajin W yana da tsuntsaye fiye da iri 350, amma yanzu maganar tsaro ce gaba, kada wanda ya kama hanyar Tapoa, mashigar gandun, bai tambayi hukuma ba.

Waya kuma a rufe mata baki. Tawa ta yi ƙara daidai lokacin da gauraka biyu suka sauka gabana, ban sake ganinsu ba har yau.