Ƙarar da ta hana ni sakat

Sati biyu Camry ɗina tana ƙwal-ƙwal ta baya duk sanda na taka gargada a unguwarmu nan Jidda. Na kwashe kayan but kaf, har jak da safaya taya, ƙara tana nan.

Jiya bayan La'asar na kai ta Sina'iyya wajen wani dattijo Bahaushe. Ya danna bayan motar da hannu biyu, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗana, shokozobarka lafiya lau." Da aka ɗaga ta, ashe ƙusar da ke riƙe ƙasan shokozobar ce ta karye, tsatsa ta cinye ta. Danshin Bahar Maliya ba ya raga wa ƙarfe. Sai da Baba ya huda guntun da ya maƙale, gumi sharkaf, kafin ya ɗaura sabuwa.

Ni kuwa har na ware kuɗin shokozoba biyu!