Abin da hunturun Jos ya koya mini a sashen masu ciwon huhu

Ina barin sashen ne ana gab da shiga hunturu, kuma duk wanda ya taɓa aikin dare a wurin ya san abin da ke tafe. Daga tsakiyar Nuwamba gadaje za su fara cika, kafin Janairu sai an rasa inda za a kwantar da mutum. Masu zuwan ma sanannu ne: tsofaffin da suka yi aikin kuza a Bukuru da Barkin Ladi, iyayenmu mata da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bakin murhun itace, masu tuyar ƙosai da masa, waɗanda suka warke daga tarin fuka amma ya bar musu tabo a huhu, sai kuma masu asma. Garin Jos yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, a wasu darare na Disamba da Janairu sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 10. Iska mai sanyi, busasshiya, ga ƙura, tana shiga hanyoyin numfashin da dama can a kumbure suke, sai su tsuke, kaki ya yi kauri ya ƙi fita. Wannan kowa ya sani. Abin da nake so ƙannena nas-nas da ke wurin su riƙe shi ne maganar oksijin, domin a nan na ga an fi cutar da mutane da kyakkyawar niyya.

An yi wani lokaci da dokar shugabar sashe ita ce, duk wanda ya shigo yana haki a ɗora masa abin rufe fuska a buɗe silinda sosai. Idan ta zo zagayen safe ta ga an rubuta 90 a takardar mara lafiya a matsayin awon oksijin na jininsa cikin ɗari, to a wurinta sakaci ne. Ga mai ciwon nimoniya wanda huhunsa lafiya lau yake kafin ya kwanta, neman 94 zuwa 98 daidai ne. Ga mai cutar toshewar hanyoyin numfashi ta dindindin, wadda muke kira COPD, da mai tabon tarin fuka mai tsanani, abin da ake nema shi ne 88 zuwa 92. Dalili kuwa, huhun irin waɗannan ba ya iya fitar da iskar kabon dayoksaid yadda ya kamata. Jiki ya riga ya karkatar da jini daga sassan huhun da suka lalace zuwa masu ɗan dama-dama. Da an cika oksijin, jijiyoyin sassan da suka lalace sai su buɗe, jini ya koma inda ba a musayar iska. Jinin da ya ƙoshi da oksijin kuma yakan saki kabon dayoksaid ɗin da yake ɗauke da shi, sannan numfashin wasu ya yi ƙasa. Sai gubar ta taru.

Yadda abin yake a ido shi ne mafi ban tausayi. Tsoho ya shigo da magariba yana zufa cikin wannan sanyi, kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi. An sa masa oksijin lita 10 a minti. Bayan awa biyu ya yi shiru, ya lumshe ido, na'urar yatsa mai auna oksijin na jini na nuna 99. 'Ya'yansa sun sami natsuwa, babbar ta ce, "Alhamdu lillahi Sista, Baba ya samu barci." Ba barci ba ne. Ka taɓa hannunsa za ka ji ɗumi, bugun jini cike, ka tashe shi da ƙyar, in ya farka ya ce kansa na sarawa ko ya kira nas da sunan 'yarsa. Ka sa ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafukan sama, za ka ga suna faɗuwa suna komawa. A asibitin da ba a auna iskar cikin jini da daddare, waɗannan alamu su ne awonmu.

Akwai wata ƙaramar nas da ta ga haka ta rage oksijin ta kira likita, kamar yadda aka koyar da ita. Washegari takardar tuhuma ta samu, wai ta hana dattijo iska. Ba a janye takardar ba ko bayan likitoci sun tabbatar ita ce da gaskiya, kuma daga ranar sauran yara suka koyi cewa barin silinda a buɗe ya fi musu kwanciyar hankali. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin ban san adadin tsofaffin da wannan tsoron ya kwana a kansu ba.

Saboda haka ga yadda ya kamata a yi. Tun a karɓar mara lafiya a tambaya: an taɓa ce masa yana da COPD, ya sha taba, ya yi tarin fuka, shekara nawa yana tari da kaki? In amsar ta nuna haka, a nemi likita ya rubuta 88 zuwa 92 ɓaro-ɓaro a saman takarda, domin wannan rubutun ne zai kare mara lafiya, ya kuma kare nas. A fara da robar hanci a lita 1 zuwa 2, ko abin rufe fuska na Venturi mai ba da oksijin kashi 24 ko 28 in akwai, a riƙa dubawa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Abin rufe fuska na gama-gari ba a sa shi ƙasa da lita 5, don mutum zai riƙa shaƙar abin da ya fitar. In an tarar an riga an cika masa, kada a fizge oksijin gaba ɗaya, domin zai iya faɗuwa ƙasa da inda ya fara. A sauko da shi mataki-mataki. Nebulaiza kuma, wato ba da magani a matsayin tururi a shaƙa, a yi ta da na'ura mai hura iska. In dole sai da silinda, kada ta wuce minti 6. Kada wani ya fahimce ni a baibai: wanda ya shigo da 75 yana neman suma a ba shi oksijin nan take, ƙarancinsa ya fi saurin kisa. Maganar ita ce a ba shi da awo, a tsaya a kansa.

Ita ma na'urar yatsa hunturu na rikita ta. Yatsa mai sanyi ba ya samun isasshen jini, sai ta nuna 82 ga mutumin da ke hira da kai lafiya. A murza hannun, a ɗumama shi cikin bargo na 'yan mintoci, a sake aunawa, a kuma gwada bugun da ta nuna da wanda aka ƙirga a wuyan hannu. Jan farce da baƙin lalle ma sukan hana ta karatu. Babbar ƙaryarta kuwa ita ce a kan hayaƙin gawayi. A unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo, inda ɗakuna ke matse, al'ada ce a shigar da kaskon wuta ɗaki a toshe taga da tsumma don tsoho ya ji ɗumi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma yana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Na'urar ba ta bambanta su, sai ta nuna 98 alhali mutum na mutuwa. In aka kawo mai haki da asuba, aka ce matarsa da jikansa ma sun tashi da ciwon kai, jiri da amai, to tambaya ta farko ita ce, "Hajiya, da wuta kuka kwana a ɗaki?" Wannan shi ne wurin da ake buɗe oksijin sosai a kira likita da gaggawa, ko da mutumin mai COPD ne.

Abu na biyu da ya fi dawo mana da mutane shi ne inhela. Yawancinsu suna da ita a aljihu, amma maganin a harshe yake tsayawa. Wasu ma sun ƙi ta sam, wai duk wanda ya fara ba ya bari, sun gwammace ƙwayar salbutamol ko Franol daga kemis, masu sa rawar hannu da bugun zuciya. Minti biyar na koyarwa a bakin gado ya fi kwana uku a kan gadon amfani, ko da za a ce maka kana ɓata lokacin zagaye. Kada ka tambayi mutum ko ya iya. Ka ce, "Baba, nuna mini yadda kake yi a gida." A nan za ka ga komai.

Wanda ba shi da kuɗin sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki, gorar ruwa ta roba mai mililita 500 ta wadatar. A huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa ya zauna cif, a liƙe gefen. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba, don kada maganin ya manne a jikinta. A girgiza inhela, a sa bakin gora a baki a rufe leɓe, a danna sau ɗaya tak, a yi numfashi huɗu zuwa shida a hankali, a dakata rabin minti, a sake girgizawa kafin danni na gaba. Danna biyu a jere asarar magani ce. Shuɗiyar inhela, mai buɗe ƙirji nan take, tana da salbutamol mikrogiram 100 a kowane danni, gwangwani ɗaya danni 200 ne, kuma yakan ci gaba da fesa iska bayan magani ya ƙare, don haka a rubuta ranar da aka buɗe a riƙa lissafi. Gwangwanin da ya kwana a kan taga cikin sanyi ba ya fesawa da ƙarfi. A ajiye shi a aljihun ciki, ko a ɗumama shi a tafin hannu, ba a kusa da wuta ba. In numfashi ya sarƙe, danni 4 zuwa 10 ta gora, ɗaya bayan ɗaya, ana iya maimaitawa kowane minti 20 a awa ta farko, ana kan hanyar asibiti in bai lafa ba. Inhelar rigakafi mai beclometasone ko budesonide kuwa kullum ake shaƙarta safe da yamma ko da lafiya ake, a kuskure baki a tofar bayan an gama. Masu asma da suka ajiye ta da damina don sun ji sauƙi su ne kan gaba wajen kwanciya a Disamba.

Lokacin da ya fi haɗari a yini shi ne asuba, kuma ba za ka ce wa dattijo ya bar jam'i kai tsaye ya saurare ka ba. Abin da ke karɓuwa shi ne dabara. A dafa ruwan alwala tun dare a zuba a fulas. Ya shaƙi danni biyu na shuɗiyar inhela minti 15 kafin ya fita. Ya naɗa rawani ko mayafi sako-sako a kan hanci da baki, ya riƙa shaƙa ta hanci, domin hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Ya fita da wuri don kada ya yi sauri. Ranar da hazo ya sauko ƙasa ko kaki ya canza, ya yi sallarsa a ɗaki; in ya yi gardama a haɗa shi da limaminsu, ya fi jin tasa. Haka masu sammakon zuwa coci, haka mai shiga Keke Napep zuwa Taminus da safe, inda iska ke dukan fuska ta ko'ina.

In hakin ya taso, tsoro ne ke ninka shi, mutum ya yi ta jan iska alhali matsalar fitarwa ce, tsohuwar iska ta maƙale a ƙirji. Ya zauna ya ɗan sunkuya, gwiwar hannu a kan cinya, kafaɗu a sake. Ya shaƙa ta hanci yana ƙirga biyu, ya tsuke leɓe ya fitar a hankali yana ƙirga huɗu, kamar mai hura koko mai zafi. Tsuke leɓen yana riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe har iskar ta gama fita. Sai an koya ana lafiya sannan ake tunawa da shi a tsakar dare. Mai jinya kuma ya kori taron da ke kansa, ya yi masa fifita a fuska a hankali. Ko a hunturu tana rage jin sarƙewar.

Su san lokacin da ba a jiran gari ya waye: ya kasa ƙarasa jimla, numfashi ya haura 30 a minti, harshe ko cikin leɓe ya yi duhu, yana gyangyaɗi ko sambatu, ƙarar ƙirji ta ɗauke alhali yana fama, ko ciwo ya soke shi farat ɗaya a gefe guda. Kaki ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa ko kore, a zo a ranar.

Sauran a taƙaice. Ƙwayar prednisolone, wadda ake ba wa wanda ciwon ya taso masa, miligiram 40 ce a rana na kwana 5 bisa umarnin likita. Masu sayensa a kemis duk hunturu suna dawo mana da ciwon sukari da kumburarriyar fuska. Ba a shafa Vaseline ko Robb a hancin wanda ke kan oksijin, maiƙo da oksijin gobara ne. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi su bar ɗakinsa. A yayyafa ruwa kafin shara, a yi ta ba ya nan. Ruwan ɗumi akai-akai yana sassauta kaki, sai dai in likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya. Mai kumburin ƙafa da ba ya iya kwanciya sai da matashi uku a duba zuciyarsa kafin a ce asma ce. Tarin da ya kai mako biyu, ko da mutum ya taɓa shan maganin tarin fuka ya gama, a tura kakinsa gwajin GeneXpert, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.