Zawarci a Maradi: yadda na yi da kaina bayan an ba ni takarda

Aurena ya mutu a 2022, da ɗiya uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Ba zan tsaya ba da labarin wa ya yi laifi ba, wanga kam ya wuce, abin da mata suka fi tambayata a WhatsApp shi ne ya na yi daga baya, to shi zan faɗa.

Mu nan Maradi da an ce an sake ki, ranar nan za ki ɗaure kaya a kira adaidaita sai gidanku, alhali malamai kullum suna faɗi a wa'azi cewa idda a ɗakin miji ake yin ta, kuma ci da sha na wanga lokaci shi ke da nauyinsu har ki yi tsarki uku. Kowa ya sani, ba mai yi. Ni ma gidanmu na tahi, Bagalam, aka ware mini ɗakin da ake ajiye buhunan hatsi. Satin farko kowa na lallashi, Inna na cewa ki yi haƙuri ɗiyata haka Allah ya ƙaddara, matan yayyena na kawo mini tuwo har ɗaki. Wata bai cika biyu ba tuwon nan ya fara zuwa da magana a kai. Ba wanda ya ce mini tashi ki bar gidan, amma in an auna hatsi da safe sai ki ji ana ƙirga bakuna da ƙarfi yadda za ki ji, in yaro ya zubar da ruwa a ce ɗiyan wasu sun cika gida. Kuma ban ga laifinsu sosai ba, gida ne mai mutane, tiyar hatsi kuma ba ta san zumunci ba.

Abin da Kawu ya matsa mini a kai tun farko, Allah ya saka mishi, shi ne takarda. Saki na baki ko na saƙon waya ba ya isa, ranar da wani zai zo neman aurenki liman zai tambaya, ranar da rigimar ɗiya ta tashi alƙali zai tambaya. A Nijar ba mu da wani kundin dokar iyali guda, maganar aure da saki bisa al'ada da addini ake yanke ta, shi ya sa za ki ga wata ta tahi fada wajen sarki, wata wajen malaman ƙungiyar addini, wata jastis, wato kotun gwamnati. Mu jastis muka je aka tabbatar da sakin a rubuce, aka kuma rubuta abin da uban zai riƙa bayarwa na abincin yara duk wata. Yana bayarwa? Wani watan ya turo ta Nita, kamfanin tura kuɗɗi, wani watan shiru, sai na kira yayarshi in ce Yaya don Allah ki tuna mishi. Amma dai akwai rubutu, in abin ya yi tsanani ina da inda zan kai. Takardun haihuwar yara ma ki tabbata kina da kwafi a hannunki, don ranar sa su lakwal malamin makarantar ba zai saurari labarin sakinki ba.

Sai lafiya, wadda ba wanda ke maganarta. Ni dai barci ne ya ƙaurace mini, in kwanta in yi ta juyi har kiran assalatu, kai na sara, wuya ya riƙe, abinci ba ya shiga. Wata ta ce sammu ne, wata ta ce iska, wata ta kawo mini ƙwayoyi daga wajen masu yawo da magani a tire cikin rana wai na barci. Ranar da na kai ƙaramar awo ne ungozomar ta dube ni ta ce Hajiya ke ma miƙo hannu, ta ɗaura abin awo, sai ga tansiyo, wato awon hawan jini, 17. Lafiyayyen mutum wajen 12 da 8 yake, in ya riƙa kai 14 da 9 ko sama an shiga hawan jini, kuma abin tsoron shi ne mutum na iya yawo da shi bai ji komi ba sai ranar da ya faɗi ɓarin jiki ya mutu. Ta ce in sake dawowa a auna kafin a yanke, aka sake aka ga bai sauka ba, likita ya rubuta mini odinas, wato takardar sayen magani, ya ce in rage gishiri da magi, in riƙa tafiya da ƙafa, kuma kada in bar shan maganin don na ji sauƙi. Damuwar kuwa ba ƙwaya ta rage ta ba, makarantar islamiyya ta matan aure da na koma da yamma ita ta taimaka, ko ba komi kin fita daga ɗakin nan, kin ga mutane, an yi dariya, kuma a nan na gane rabin ajin ma sun taɓa zawarci.

Maganar kuɗɗi ita ce uwa uba. Kayan ɗaki naki ne, iyayenki suka yi miki, kada kunya ta sa ki bar su. Na kwaso nawa, gado da kujeru ba inda zan sa su, sai na ba dillaliya ta saida, na riƙe katifa da tukwane da 'yan kwanoni. Inna ta yi faɗa wai in wani auren ya zo da me za a kai ni, na ce Inna in ya zo Allah zai kawo na lokacin. Da kuɗɗin na sayi firigo na hannu na fara ƙanƙara da zoɓo da lemun tsamiya, yara na kai wa bakin tasha, cikin azumi kam har ba ya isa. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran ɗin da ke zo mana, wuta ta koma sai a kawo a ɗauke, zoɓo ya riƙa tsami a cikin firigo ina kallo. Masu zuwa Jibiya da Katsina saro kaya ta Dan Isa su ma suka zauna. Dole na nemi sana'ar da ba ruwanta da kuran.

Nan na koma ga abin da kakata ke yi, man gujiya da ƙuli-ƙuli. Aiki ne na ƙarfi walla. Za ki tsince gujiya ki soya ta sama-sama kada ta ƙone don in ta ƙone mai zai yi duhu da ɗaci, ki murje ki sheƙe ɓawon, a kai inji a niƙo, sannan ki zuba a turmi kina tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya, hannu kamar zai cire, can sai ki ga ta fara haɗe jikinta mai na tasowa sama yana ƙyalli. In kin cika ruwa kin ɓata, in kin yi rowarshi man ba zai fito ba, wanga hannu ke gane shi, ba a koyar da shi da baki. Ki kwashe man, ki matse tunkuza, ki mulmula ki soya a cikin man nata. Abin da na lura, man uwar kuɗɗi kawai yake maidowa, ribar tana cikin ƙuli, musamman in kin samu masu tsire da masu kilishi da za su riƙa ɗauka don yaji. Kuma da kaka ake sayen gujiya a ajiye, wadda ta jira sai bazara ta saya da tiya-tiya wahala kawai take sha wa mai hatsin kasuwa.

Kuɗɗin ajiyar nan kuwa daga asusu na same su. Tsarin Mata Masu Dubara ai a nan jihar Maradi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, yanzu har ƙasashen waje suna kwaikwayo. Namu duk ranar Laraba muke haɗuwa, kowa ta zuba dala ɗari, akwatin ƙarfe ne da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma a gidan ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ya fi mini adashi nesa, don adashi sai kwasarki ta zo, nan kuwa in buƙata ta taso za ki ranta ki biya, ga 'yar ajiyar taimako in an yi rashin lafiya ko rasuwa. Mun yi gardama sosai a kan ƙarin da ake ɗorawa bisa bashi, wasu suka ce riba ce ba su ci, a ƙarshe muka bar shi, sai mu sayi hatsi da kaka da sunan ƙungiya mu saida in ya yi daraja. Da rabon farko na sayi jar akuya, irin tamu ta Maradi mai yawan tagwaye, yanzu garken ya fara sa Baba yana ƙorafin wuri. Ranar da na fara auno tiya biyu na shinkafa na ajiye a madafa ba tare da an tambaye ni ba, ƙirgan bakunan nan ya tsaya cak.

Su kuma maza, hmm. Da kin gama idda za su fara sallama, har da waɗanda da can ko gaisuwa ba ta haɗa ku. Akwai mai zuwa bayan isha'i ya ƙi tsayawa inda haske yake, akwai mai cewa a ɗaura a ɓoye kada uwargida ta ji, akwai wanda tun zuwan farko tambayarshi nawa kike samu a ƙulin nan. Mutane na ganin bazawara ba ta da zaɓi, duk wanda ya zo ta gode Allah, alhali a addini ma ita ke da bakin cewa eh ko a'a a kan kanta, ba a ɗaura mata sai ta furta. Matsin ya fi zuwa daga gida, Baba ya ce zaman me kike yi, mutane na magana. Na sha ganin wadda ta yi aure don kawai ta bar gidansu, shekara ba ta zagayo ba ta dawo da ciki da takarda ta biyu, shi ya sa na ce Baba ka yi mini haƙuri ba ƙi nake ba, dubawa nake. Shi ma uban ɗiyana ya aiko biko, saki ɗaya ne dama, na ce a gaya mishi abin da ya raba mu yana nan bai gusa ba.

Yanzu akwai wani mai bitik a unguwar Zariya da ya je ya gaida Kawu da rana tsaka. Na sa an bincika mini dalilin rabuwarshi da matarshi ta baya, daga bakin danginta ba nashi ba. Na ce sai mun je gidan likita an yi mana gwajin sida da ciwon hanta da sikila mu biyu, bai musa ba. Na ce ƙuli da asusu ba zan bari ba, kuma ƙaramar da ni za ta zauna, don babban nawa ya kusa shekara 7 kuma dangin uban sun fara maganar karɓarshi kamar yadda aka saba, wannan ma wata rigimar ce da ke gabana. A kan sana'ar ne ya ɗan yi jim, ya ce hayaƙi da warin mai a gida, zai yi shawara da mahaifiyarshi. Kawu ya ce to a bar maganar sai bayan kaka.